Bin Sawun Kakanni a Cikin Takardun Mutuwa da Tsofaffin Fayiloli

  

Shugabannin masallaci sun umurce ni in yi magana bisa hanyar da mutum zai bi ya gano asalin gidansu daga takardun mutuwa, da sauran tsofaffin takardun da Gwamnati ta ajiye. Na san akwai mai cewa a ransa, ana cikin murna me ya kawo zancen mutuwa? To, ku tuna da mutanen da suka ɗauki ƙasa da ruwa a ka suka ta da ginin nan na fari. Mu nawa ne za mu iya faɗin sunan uban kowanensu, da garin da ya fito, da shekarar da ya rasu? Kullum muna yi musu addu'a a dunƙule, domin mun kasa kiransu ɗai ɗai.

Kada kuma a ɗauka wannan aikin marasa abin yi ne. Mu mutanen zangon Kumasi mun ga ranar takarda fiye da kowa. A cikin 1957, 'yan watanni bayan samun mulkin kai, Gwamnati ta ba da odar korar Alhaji Amadu Baba, wanda ya riƙe sarautar zangon nan, shi da Alhaji Usman Lardan. Suka kai ƙara kotu, suka ce su haifaffun ƙasar nan ne. Shari'a ba ta kai ƙarshe ba Majalisa ta yi doka ta musamman da sunayensu su biyu, aka ɗauke su aka kai Nijeriya. Ran 18 ga Nuwamba 1969 kuma Gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar izinin zama mako biyu ya fita daga Gana. Dattawan da ke zaune a nan sun ga abin da ya faru, sun ga gidajen da aka sayar da araha, da mutanen da aka haifa a nan suka hau mota zuwa ƙasar da ba su taɓa gani ba. Har yau maganar ba ta mutu ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta shekarar 2000 ta ce wanda aka haifa a nan kafin 6 ga Maris 1957 ɗan ƙasa ne in an haifi ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa a ƙasar nan. A cikin 2020 kuwa Kotun Ƙoli ta yanke cewa takardar haihuwa ita kaɗai ba ta isa shaidar zama ɗan ƙasa ba wajen rajistar zaɓe. Ashe ke nan wurin da aka haifi kakarka, da wurin da aka binne ta, ba hira ba ce. Haka nan ran da aka zo rabon gado, ko karɓo kuɗin mamaci daga banki, abin da za a fara tambaya takardar mutuwa ce.

Mai neman asali daga baya ya ke farawa. Ba ya tashi daga Kano ko Katsina ya biyo ayari ya gangaro, a'a, daga kabarin da ya sani ya ke tashi, ya yi ta komawa baya taki taki. Dalili kuwa shi ne a ƙasar nan an riga rubuta mutuwa kafin a fara rubuta haihuwa. Dokar makabartu ta 1888 ita ce farkon rajista a Gwalkwas, domin abin da ya dami Turawa a lokacin shi ne inda a ke binne mutane da cutar da ta kashe su. Sai a 1912 aka haɗa da haihuwa. Ku lura, a 1888 Kumasi ba ta shiga hannun Turawa ba tukuna, kuma ko bayan da ta shiga, rajista ta tsaya ne a manyan garuruwa kaɗai, har zuwa dokar 1965 wadda ta wajabta ta a ƙasa duka. Dokar da a ke aiki da ita yanzu ta 2020 ce. Saboda haka kakan da ya zo da ƙafarsa daga Hausa ba za ka sami takardar haihuwarsa ba ko ka shekara nema. Amma in a birni ya cika, mai yiwuwa ne alƙalamin akawu ya taɓa shi sau ɗaya, watau ran da aka je karɓo izinin binne shi.

To, ga takardar a hannunka. Yaya za ka karanta ta?

Ka ɗauke ta kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Akwai abin da ta gani da idonta, akwai wanda aka gaya mata. Ranar mutuwa, da wurin da aka mutu, da cutar da likita ya rubuta in a asibiti aka cika, waɗannan ta gani, ana iya dogara da su. Amma shekarun mamaci, da garinsu, da sana'arsa, kai har da sunansa, duk ji ta yi daga bakin wanda ya kai rahoto. Mu kuwa al'adarmu ba ma jinkirta gawa. Mutum ya cika da hantsi, ana so a sallace shi bayan azahar a kai shi Tafo. Wa a ke aikawa ofis? Ba babban ɗa ba, shi yana wurin wanka da likkafani. Wani saurayi a kan tura mai jin Turanci, ko maƙwabci, ko yaron maigida. Akawu ya tambaye shi shekarun marigayi, ya dubi sama ya ce sittin. Shi ya sa in ka duba tsofaffin rajista za ka ga kamar kakanninmu sun yi alkawari ba su mutuwa sai a kan hamsin, ko sittin, ko saba'in cif. Don haka layin da ya fi kowane amfani a takardar shi ne wanda mutane ba su kula da shi, watau sunan mai kai rahoto da dangantakarsa da mamaci. In ɗan'uwa ne na jini, maganarsa ta yi nauyi. In baƙo ne, sai ka tambayi kanka me ya haɗa su. Sau da yawa wannan sunan shi ke nuna maka maigidan da kakanka ya sauka wurinsa sa'ad da ya zo garin, daga nan kuma wata ƙofa ta buɗe.

Sai maganar suna, wadda ita ce ta fi ba da wahala. Akawun da ya rubuta ba Bahaushe ba ne, galibi Bafante ne ko Batone wanda ya yi makarantar mishan, abin da kunnensa ya ji shi ya ke rubutawa. Muhammadu ya zama Mahama, ko Mama, ko Moma. Ibrahim ya zama Braimah, Husaini ya zama Fuseini, Abubakar ya zama Bukari, Abdu ya zama Awudu, Isiyaku ya zama Issaka. Mutum guda sai ka same shi da suna uku a takarda uku. In malami ne, wani lokaci Kramo kawai za a liƙa masa. Mu ma da namu laifin, gama sunan yanka ɓoyayye ne a gidajenmu. Matar mutum ba ta faɗin sunansa, uwa ba ta faɗin na ɗan farinta, jikoki kuwa Baba Dogo suka sani ko Mai Goro. Sai a wayi gari takarda ta ce Mama Hausa, gida kuwa ya ce Tanko, alhali mutum ɗaya ne. Amma laƙabin ma shaida ne ga mai hankali. Tanko ya gaya maka mata ya bi, sai ka nemi yayyensa. Ɗanjuma da Talatu da Ladi sun faɗi ranar haihuwarsu, Azumi da Labaran sun faɗi watan.

Ku yi hattara da kalmar Hausa a takardun Turawa. Tun zamanin sojan Glover da suka zo daga Ikko lokacin yaƙin 1874, Turawa suka saba kiran duk sojan da ya fito daga arewa Hausa, ko Bazabarme ne, ko Bagurunshe, ko Bamoshe, ko Babarbare. A littafin soja kuma a kan ba mutum sunan garinsu ko ƙabilarsa a matsayin suna na biyu, a ce wane Kano, wane Sakkwato, wane Dagomba, wane Fulani. Sanannen misali shi ne Alhaji Grunshi, wanda tarihi ya ce shi ne sojan Ingila na farko da ya harba bindiga a Yaƙin Duniya na Ɗaya, a Togo, cikin Agusta 1914. Wannan al'ada ta taimake mu, domin ta ajiye mana sunan gari. Amma ba kullum ta ke gaskiya ba. Wani garin da ya kwana na ƙarshe ya faɗa, wani kuwa ya gudo ne daga hannun ubangijinsa, ya ari sunan garin da ba za a bi sawunsa ba.

Game da shekaru, tsofaffinmu ba su riƙe lamba ba, abin da ya faru suka riƙe, kuma riƙonsu ya fi na yaron da aka aika ofis ƙarfi. In tsohuwa ta ce an yaye ta shekarar girgizar ƙasa, 1939 ke nan, ran 22 ga Yuni ƙasa ta girgiza a Ankara. In ta ce tana goyon wane rana ta yi husufi har kaji suka shiga akurki, 20 ga Mayu 1947 ta ke nufi. Jirgin ƙasa ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903. Sarkin Tonawa Prempeh na Ɗaya ya komo daga tsibirin Seychelles a 1924, a shekarar ce kuma annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa garin nan, aka rushe gidaje a tsohon zango, aka gina Sabon Zango. Wannan annoba ta jawo kafa hukumar lafiya ta Kumasi a 1925, 'yan tankas suka yi ta shiga gidaje suna rubutu. Abin da kakanninmu suka ƙi jini a lokacin, yau ya zama mana taska. Mafi girma duka ita ce murar 1918, wadda ta sauka da jirgin ruwa daga Saliyo a ƙarshen Agusta, ta haura arewa. Masanin tarihi David Patterson ya ƙiyasta ta kashe mutum 100,000 ko fiye a ƙasar nan cikin wata shida. Alhaji Umaru na Kete-Karaci, wanda ya rasu a 1934, ya yi mata ƙasida. In ka ga gida ya rasa mutum uku ko huɗu a ɗan tsakani, aka ce wata mura ce, to ka san shekarar.

Akwai kuma rajistar da ba ta Gwamnati ba, wadda ni a ganina ta fi ta Gwamnati gaskiya wajen suna. Malamanmu sun saba rubuta haihuwa da rasuwa a gefen littafi, ko a takardar ƙarshe ta Alƙur'ani rubutun hannu, ko a wata 'yar warƙa cikin gafaka, da Larabci ko da ajami. Su sun san sunan yanka, domin su suka raɗa shi. Shekarar Hijira su ke sawa, juya ta kuwa ba wuya: ka raba ta da 33, ka ɗebe abin da ka samu daga cikinta, ka ƙara 622. In ka gwada da 1337 za ka faɗa tsakanin 1918 da 1919. Wani malamin ba ya sa lamba, sai ramzi, watau haruffa masu ɗauke da lissafi. A nan a ke tuntuɓe, domin malamanmu lissafin Magariba su ke bi, inda shinun ke dubu, sinun ke ɗari uku. Wanda ya yi karatu a ƙasashen Gabas ya saba da shinun ɗari uku, sinun sittin, in ya lissafa da nasa sai ya mai da kakanka zamanin da ba a yi shi ba. Ku kai irin wannan wurin tsofaffin malaman zaure tun suna raye. Ina roƙon iyayenmu mata kuma, in malam ya rasu kada a tattara takardunsa a zuba rijiya ko a ƙone don tsoron kada a taka sunan Allah. Niyyar mai kyau ce, amma a bari wani ya duba tukuna. A cikin shekarun 1960 Ivor Wilks da Alhaji Usman Isiyaku Boyo sun zaga garuruwa suna aron littattafan malamai, a ɗauki hotonsu a mayar wa masu su. Abin da suka tara yana nan a Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana a Legon, a ciki har da wasiƙu da jerin sunayen limamai da salsalar malamai.

Yanzu sai gidajen ajiyar takardu. An fara tara tsofaffin takardun Gwamnati a Ankara a 1946. Tun 1997 a ke kiran ma'aikatar PRAAD, tana da reshe a nan Kumasi, da Tamale, da Sekondi, da waɗansu garuruwa. Fayilolin Babban Kwamishinan Asante suna reshen Kumasi ƙarƙashin alamar ARG, na Jihar Arewa suna Tamale ƙarƙashin NRG, a Ankara kuwa akwai ADM na sha'anin mulki da SCT na kotuna. Kada ka shiga ka ce a ba ka fayil ɗin kakanka, ba haka aka jera su ba. An jera su ne bisa ofishin da ya rubuta su. Sai ka tambayi kanka, a ina kakana ya taɓa gamuwa da hukuma? In mai gida ne, akwai takardar fuloti, ka kuma tuna filayen Kumasi suna hannun Gwamnatin Turawa har 1943 da aka mai da su ga Asantehene, don haka neman ya kasu wuri biyu. In mahauci ne ko dillalin shanu ko mai goro, akwai lasin da rigingimun kasuwa. In ya sa hannu a takardar kuka lokacin wata rigimar sarauta ko limanci, irin wadda aka sha yi zamanin Malam Sallau, sunansa na nan a jere da na maƙwabtansa, kowa da tambarin yatsansa. A gidan ajiya na Manhyia kuma akwai littattafan kotunan Asantehene.

Littafin kotu shi ne ya fi kowane daɗin karatu. A nan kaɗai za ka ji mamaci yana magana da bakinsa, ko da ta bakin tafinta ne. Kafin ya ba da shaida sai ya faɗi sunansa da sana'arsa da inda ya ke zaune, in shari'ar gado ce kuwa sai an lissafa matan mamaci da 'ya'yansa kaf. Rigimar da ta raba zumunci shekara tamanin da suka wuce, yau ita ce za ta haɗa maka sunayen dangi a shafi guda.

Wanda kakansa soja ne, hukumar kula da kaburburan yaƙi ta Kwamanwel ta sa sunayen da ta ke da su a intanet, ana dubawa kyauta. A ciki akwai na makabartar soja ta Osu a Ankara, da na waɗanda suka kwanta a Bama. In ba ka sami naka ba kada ka ce ƙarya aka yi maka a gida, gama hukumar da kanta ta amsa a cikin rahotonta na 2021 cewa dubban sojan Afirka na yaƙin farko ba a rubuta sunayensu ba kamar yadda aka rubuta na Turawa. Jerin waɗanda aka ba lambar yaƙin 1900 kuwa yana gidan ajiya na Kew a Landan.

Sawu ya kan ɓace a Salga. Bayan yaƙin basasar 1892 fataken da ke can suka watse, waɗansu Kete-Karaci, waɗansu Yeji da Atebubu da Kintampo, waɗansu Ankara, daga baya kuma Kumasi. Gidaje da yawa da ke cewa daga Kano su ke, gaskiya ne, amma tsakaninsu da Kano akwai zaman shekara talatin ko arba'in a Gwanja, da aure, da haihuwa. Wannan kuwa abin so ne ga mai neman hujja, domin Salga cikin Gana ta ke. Daga can sai a dogara ga bakin tsofaffi, da zanen fuska, da kirarin da maroƙa ke yi wa gidan, da sunan zuriya irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, waɗanda Paul Lovejoy ya bi tarihin fataucinsu na goro a littafinsa na 1980.

Na bar maganar mata a baya ba don ƙanƙantarta ba, sai don nauyinta. Fatake da soja ba su cika zuwa da mata ba, a nan suka yi aure. Kakanninmu mata da yawa 'yan ƙasar nan ne, Dagombawa da Gwanjawa da Gurunsawa da Tonawa, suka musulunta aka sake musu suna, sunan gidansu ya nutse. An yi dokar rajistar auren Musulmi tun 1907, amma kaɗan ne suka yi, domin an ɗauka goro da shaidu sun wadatar. Ga shi kuwa a yau ta wajen waɗannan matan ne gidaje da yawa za su tabbatar da tushensu a ƙasar nan. Wanda ke da tsohuwa a gida, ya je ya durƙusa ya tambaye ta sunan uwarta, da na kakarta, da garinsu, da wanda ya riƙe ta. Kada ya je da takarda da alƙalami kamar ɗan sanda. Ya je da goro, ya bari ta yi ta kewaye-kewayenta, ya ɗauki muryarta a waya in ta yarda.

Amma fa mai tono ya shirya ganin abin da bai nema ba. Za ka iya tarar da kakar da a ke cewa 'yar sarki ce, ashe a kasuwar Salga aka saye ta zamanin hare-haren Babatu. Za ka iya tarar da bashi, ko ɗauri, ko wata mata da 'ya'yanta a Sekondi waɗanda ba a taɓa faɗa muku ba, su kuwa suna da haƙƙi a gado. Shawarata ita ce abin da ya shafi haƙƙin wani a fito da shi a kai wa malamai, abin da ya ke tsiraicin mamaci ne kawai a rufa masa. Abu guda ne ban yarda da shi ba ko kaɗan, shi ne a gyara salsala, a ɗauke sunan baiwa a sa na wata, ko a jingina gida ga sharifai ba da hujja ba. Kun san matsayin Shari'a game da mai danganta kansa ga wanda ba ubansa ba. Matar nan kuwa da aka rabo da garinsu tana yarinya, ta haifi mutanen da suka gina masallaci, ba ta cancanci jikokinta su sake ɓatar da ita ba.

Abin da na ke roƙon shugabannin masallacin nan shi ne a sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, a ajiye wurin Na'ibi. Duk gawar da aka sallata a nan a rubuta sunan yanka da laƙabi, da sunan uba da na uwa da garinsu, da ranar rasuwa ta Hijira da ta Turawa, da wurin da kabarin ya ke, da lambar takardar mutuwa. A rubuta da boko da ajami. A kuma sa mutum biyu masu hankali su riƙa raka iyalin mamaci ofishin rajista, su tabbata an rubuta suna daidai, an kuma koma an karɓo takardar mutuwar kanta, domin da yawa izinin binnewa kaɗai su ke karɓa su ɗauka sun gama. Kowace shekara a ɗauki hoton shafuffukan a ajiye a wani gida dabam, saboda gobara da gara. Shafuffukan farko kuma a bar su fari, kowane gida ya kawo sunayen nasa da suka riga mu, a fara da waɗanda suka gina wurin nan.

Allah ya jiƙansu, ya haskaka kaburburansu.